Rabon da Dewey Bai Yi Ba

A shekarar 1876 wani Ba'amurke mai suna Melvil Dewey ya kasa ilmin duniya gida goma, ya ba kowane gida lambarsa: addini 200, harsuna 400, adabi 800, tarihi 900, da sauransu. Da wannan tsari yawancin laburarenmu na gwamnati ke jera littattafai har gobe. Sai dai bawan Allah ya ɗauki mai sauƙin ne ya bar mai wuyar. Littafi inda ka ajiye shi nan za ka tarar da shi, in ba gara ta riga ka ba. Masu ajiye littafin fa? Su ne ba a taɓa samun wanda ya kasa su gida-gida ba. Na yi shekara tara ina cin albashi a wani laburaren jiha, wanda ba zan kama sunansa ba don har yanzu muna haɗuwa da mutanensa a wurin ɗaurin aure, saboda haka bari in taɓa.

Tun daga bakin ƙofa za ka yi karo da Baba mai gadi. Tsohon soja ne ko tsohon ɗan sanda, ya danganta da wanda yake ba labarin. Kayan aikinsa benci, buta, ƙaramar rediyo da wani kwando cike da 'yan katakai masu lamba, waɗanda yake ba ka in ya karɓi jakarka. Bai yi boko ba, amma ya san shafin da ake buga hatimin sirri a cikin kowane littafinmu, kuma ya san tafiyar marar gaskiya. Wata rana wani saurayi ya fito a miƙe ƙyam, kamar ya haɗiyi taɓarya. Baba ya bar shi sai da ya kusa ficewa.

"Ɗan samari, zo mana. Ciwon baya kake yi?"

"A'a, Baba, lafiyata ƙalau."

"Madalla. To sunkuya ka miƙo mini butar nan."

Yaro ya dubi buta, ya dubi Baba. Da ya ga ba makawa ya sunkuya, sai ga wani tiƙeƙen littafin Kemistiri ya leƙo ta ƙasan riga. Baba bai ɗaga murya ba. Ya zare littafin, ya riƙe shi kai a ƙasa, ya buɗa shafin hatimi, ya ce, "Namu ne. Je ka, Allah ya ba ka sa'ar jarrabawa."

Da ka wuce shi sai teburin rajistar zuwa aiki. Wannan littafi shi ne mafi shaharar ƙagaggen labari a ginin, don a cikinsa kowa da ƙarfe 7:55 ya zo, har wanda ya iso ana kiran azahar. Gwanin rajista kuwa shi ne mai hula a kan tebur. Hula biyu gare shi, ɗaya ta kai, ɗaya ta ofis. Yana sa hannu sai ya buɗe fayil, ya ɗora tabarau a kai, ya kifa hular ofis a gefe, ya sulale. Da damina gona, da rani shagon ƙaninsa. Duk wanda ya zo nemansa sai a ce, "Yanzu ya fita, ga ma hularsa nan." Hular nan ta fi kowa zuwa aiki a kan lokaci, kuma da ana adalci ita ya kamata a yi wa ƙarin girma. Ranar da darakta ya gaji ya ɗauke ta ya kai ofishinsa, sai da ta kwana uku kafin mai ita ya ankara. Aka ba shi kweri, ya amsa da shafi huɗu, uku a ciki gaisuwa ce.

Can ciki, a wani ɗaki mai warin gam da tsohuwar takarda, nan Hajiya mai katalogi take. Ita ce kaɗai a cikinmu ta ɗauki Dewey kamar wani kakanta, ko da yake tana da ƙorafi a kansa, kuma tana da gaskiya. Mutumin ya ba Littafi Mai Tsarki da addinin Kirista daga 220 har 280, sannan ya tattara sauran addinan duniya kaf ya cusa su a 290, Musulunci ya samu 297. A gari irin namu sakamakon a fili yake: kantar 297 ta cika ta batse, tafsiri a kan fiƙihu, fiƙihu a kan sira, maƙwabtanta kuwa sai iska ke kaɗawa. Haka adabin Hausa, daga Magana Jari Ce har littattafan soyayyar da matan aure ke rububi, duk a lungu ɗaya suke maƙale, 893.72. Hajiya ta haddace waɗannan lambobi fiye da lambar wayarta. Ka ce mata Alƙur'ani, kafin ka rufe baki ta ce 297.122.

Matsalarta ɗaya ce, ba ta san gaggawa ba. A wurinta littafin da bai sami lamba ba kamar jaririn da ba a raɗa wa suna ba ne, ba ya fita tsakar gida. To amma jariri kwana bakwai yake yi, nata kuwa sai su shekara biyu a ɗaki. Ɗalibi zai hango sabon littafi ta taga, ya shigo jiki na rawa.

"Hajiya, don Allah wancan mai shuɗin bango nake so."

"Ɗana, bai sami lamba ba tukuna."

"Yaushe zai samu?"

"Kana gaggawa ne?"

Ya gama makaranta, ya yi bautar ƙasa, ya dawo da katin gayyatar aurensa, littafi na nan yana jiran suna. Kuma ba ta nuna bambanci. In an kawo katan-katan na kyauta daga ƙasar waje, har da littafin koyon zamiya a kan ƙanƙara, zama take ta yi masa kati uku da kyakkyawan rubutu, ta manna masa lamba a gadon baya, a garin da kwalta ke narkewa a watan Afrilu. Ban taɓa yi mata dariya a gabanta ba. A duk ginin ita kaɗai ce aikinta bai taɓa dawowa don gyara ba.

A babban zauren karatu akwai mai hana surutu. Shi ne yake rubuta "A YI SHIRU" ya lilliƙa a bango, shi ne kuma yake tsawata wa mai tari da muryar da za ta tashi mai barci a ɗakin jaridu. Wayarsa in ta yi ƙara sai ka ce tashar mota, kuma a nan yake ɗauka: "Ina laburare ne, ba a magana a nan! Eh, nawa suka ce buhun?"

Mai makullin ɗakin manyan littattafai ya fi shi natsuwa, ya kuma fi shi haɗari. A ƙarƙashinsa ƙamus ɗin Bargery yake, na 1934, mai shafi sama da dubu, da ɗaurarrun tsofaffin Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da aka fara bugawa a Zariya a 1939, da jerin Britannica mai juzu'i 32, wanda su kansu masu shi sun daina buga shi a takarda tun 2012. Aƙidarsa ita ce littafi ya fi zama lafiya in ba a karanta shi. Mai karatu a idonsa ɓarawo ne da bai samu dama ba tukuna. Ka zo neman tsohuwar jarida, zai dube ka daga hula har takalmi, ya ce, "Me za ka yi da ita?" Ka ce bincike. Ya ce ka kawo takarda daga makarantarku. Ka kawo, ya ce ba hatimi. Ka sa hatimi, ka tarar ya tafi ta'aziyya da makullin a aljihu. Ba mugu ba ne, ya ga yadda ake yanke shafi da reza, abin ya tsaya masa a rai. Sai dai akwai masu karatun da ba sa kawo takarda. Shekarar da aka buɗe wani kabad don ƙidayar kaya, sai muka tarar gara ta sauke juzu'i biyu daga bango zuwa bango, ta bar mana ƙasa. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ai ka ga da an bar su a waje da tuni an sace su."

Na zamani a cikinmu shi ne mai ɗakin kwamfuta. Kwamfutocinsa a jere suke, kowace an lulluɓe ta da ƙyalle kamar amaren da ake jiran angwayensu. In akwai wuta ba intanet, in akwai intanet ba wuta, in duka biyun sun haɗu to kuɗin sabis ya ƙare jiya. Janareto ba ya tashi sai ranar da manyan baƙi za su zo, ranar kuwa har ɗalibai ake arowa daga zaure a zaunar da su gaban allo, kowa ya ɗora hannu kamar yana neman wani abu. Baƙi na fita ake kashewa, don man na awa ɗaya ne. Amma kada ka raina shi. Shi ke da soket ɗin da ke aiki, saboda haka wayar kowa a hannunsa take kwana, har ta darakta.

Darakta kuwa ba ni da abin cewa a kansa, don ban cika ganinsa ba. Kullum yana ma'aikata yana bin fayil ɗin kuɗin mai da na gyaran rufi, ya dawo da alkawari.

Labarin ma'aikata a hukumance a allon sanarwa ake samunsa, wani allo mai koren ƙyalle da ke kusa da matakala, inda takardar hutun sallar bara ke maƙale har yanzu. Labari na gaskiya kuwa wurin Anti mai kula da walwala yake. Ita ke yawo da dogon littafi tana karɓar gudummawa: matar wane ta sauka, wane zai aurar da 'ya, surukin wane ya rasu. Ita ce uwar adashi, ita ke sayar da turaren wuta da atamfa bashi zuwa ƙarshen wata, kuma ta san ranar da albashi zai shiga kafin banki ya sani. Takardar canjin wurin aiki ba ta iso ba, ta riga ta yi wa mai ita jaje. Wani abokin aikinmu daga bakinta ya ji an yi masa ƙarin girma, sati biyu kafin takarda, kuma a take ta rubuta sunansa cikin masu sayen lemon murna. Na taɓa lissafawa, abin da na ba Anti a shekara ya fi abin da muka tara na tarar masu makara da littafi. Amma ranar da mahaifina ya rasu, motar farko da ta tsaya a ƙofar gidanmu ita ce a gaba, da buhun shinkafa a baya.

Kowace shekara kuma ana turo mana ɗan bautar ƙasa. Wanda ba zan manta ba shi ne wanda aka ce ya gyara kantar tarihi, ya wuni yana gumi, ya jera littattafan bisa tsawo, dogaye a hagu, gajeru a dama, jajaye wuri ɗaya. Kantar ta yi kyau ƙwarai. Hajiya ta shigo ta gani, ta yi salati, ta nemi kujera.

Kada a ce na ware kaina. Ni ne na teburin ba da aro, mai ɓoye littafin labari a cikin aljihun tebur, wanda in mai karatu ya zo daidai inda labari ya yi daɗi sai ya ji kamar an shigo masa ɗaki ba sallama. Sau nawa na ce wa mutum "an ara" alhali littafin yana kan cinyata, saura babi biyu.

Wanda ya riƙe ginin kuwa sunansa na can ƙasan takardar albashi. Masinja ne, kowa Kawu yake ce masa. Aikinsa a rubuce shi ne kai fayil da kaɗe ƙura, amma da yake shi ya yi shekara da shekaru yana mayar da littattafai kanta, ya san mazaunin kowane ɗaya, da wanda yake inda ya kamata da wanda ya yi ƙaura. Bai san 636 ba, amma ka ce masa littafin kiwon awaki, zai ce, "Mai yagaggen bango ko mai hoton bunsuru?" Akwatin katin Hajiya yana gaya maka inda littafi ya kamata ya kasance, Kawu yana gaya maka inda yake. Ya san tsohon da ke zuwa karanta Aminiya ya yi barci a ƙarƙashin fanka, ya san 'yan JAMB da ke kama kujera da takalmi tun da sassafe, ya san yarinyar da ba ta da kuɗin rajista, wadda yake shigar da ita ta ƙofar baya Baba mai gadi na kallon wani wajen.

Dokar aikin gwamnati ta ce shekara 35 a bakin aiki ko 60 da haihuwa, duk wadda ta riga. Ta Kawu ta zo wata Alhamis. Anti ta tara kuɗi aka saya masa agogon bango da shadda, darakta ya yi jawabi ya kira shi da sunan wani, mai hula ma ya halarta da kansa. Ran Litinin da hantsi wani malamin gona ya zo neman wani littafin kiwon kaji. Kati ya ce yana nan. Muka duba kanta, babu. Hajiya ta zo da kanta ta duba, babu. Mai makulli ya rantse bai taɓa ganinsa ba. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, na karɓo wayata daga ɗakin kwamfuta na kira Kawu. Ina jin kukan awaki a bayansa.

"Kawu, ina wuni, ya hutu? Don Allah littafin nan na kiwon kaji muke nema."

"Mai koren bango?"

"Shi."

"Ka duba ƙarƙashin teburin Hajiya, ƙafar hagu ta baya. Da shi muka tokare tun daminar da rufi ya yi yoyo. In za ka zare, ka sa na ƙanƙarar nan a madadinsa, kaurinsu ɗaya."