Wasiƙa daga Landan: Masu Furfura da Katin Yara

Zuwa ga taubashina, ɗan kasuwar Kurmi,

Da fatan kana lafiya, kai da iyali da duk mutanen Mandawari. Ni ma lafiya lau, sai sanyin da ya sa nake duba yatsuna kowace safiya in ga ko suna nan.

Ka daɗe kana yi mini gori wai na zo Turai ban koyi sana'a ba. To, gyara zama. Na tarar da kasuwar da ko kakanninmu fataken Gwanja ba su ji labarinta ba: dattawa masu furfura suna zuba jari a katin wasan yara. Sunansa Pokémon, a Japan aka fara buga shi a 1996. Ɗan kwali ne da bai cika tafin hannu ba. Wanda ya fi suna a ciki wata dabba ce ruwan ɗorawa mai kama da ɓera, wai ita Pikachu.

Riƙe dariyarka tukuna. A 2021 wani Ba'amurke mai suna Logan Paul ya mallaki guda ɗaya tak a kan dala miliyan 5 da dubu 275, daga baya ma ya rataya shi a wuya ya shiga filin kokawa. Ka je Wapa a buga maka lissafin da naira, amma ka nemi benci kafin ɗan canji ya buɗe baki.

Katin kuwa ba ya yin daraja sosai sai an kai shi ga masu tantancewa. Babbansu wani kamfani ne a Amurka, PSA. Su duba kusurwa, su duba gefe, su duba ko zanen ya zauna daidai a tsakiya, sannan su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi a roba. Kusurwa ɗaya ta ɗan lanƙwashe, maki ya sauko, kuɗi ya bi bayansa da gudu. Kai da kake dunƙule ɗari biyar ka cusa a hula, da kafin azahar ka karye.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, sababbin a ƙunshe ake sayar da su, ba ka san na ciki ba sai ka biya ka yage. A Kurmi wa zai yarda da wannan? Ko goro sai an kwance huhu an gani. Amma lokacin korona mutane sun haukace a kansu, har kantunan Target a Amurka suka dakatar da sayar da su a shaguna a watan Mayun 2021, bayan an yi faɗa a wajen wani reshensu. Da ƙura ta lafa, farashin katuna da yawa ya faɗi. Maƙwabcina ya saya da tsada a lokacin. Yanzu in na tambaye shi kasuwa, sai ya ce mini yau akwai hadari.

Ni dai Bakano ne, ban sayi ɓera ko ɗaya ba. Na lura kowane kati sai an saka shi a 'yar leda, wanda ya ci riba yana saye, wanda ya faɗi ma yana saye. Saboda haka ka leƙa Ƙofar Wambai ka ji mini kuɗin ƙananan leda masu kauri, farashin sari, kuma kada ka ɗora la'adarka, na san halinka.

Kada Inna ta ji zancen nan daga bakinka, za ta tara malamai ta ce na shiga caca. Ka dai lallaɓa ka duba tsohuwar adakarta, ko hotunan cingam ɗin da ta ƙwace mana muna yara suna nan. In ka same su, don girman Allah ka wanke hannu kafin ka taɓa.

A gaida Baba da su Yaya. A aiko mini da kilishi da yaji.

Naka,
Ɗanlami