Yadda Ake Koyon Fiyanon Jaz Ba a Ɓata da Maƙwabta Ba

Da farko ɗauko Yamahar nan taka ta gidan biki, ka kakkaɓe mata ƙurar hunturu, ka kashe gangar da ke kaɗa kanta. Sannan ka samo salatif ka liƙe maɓallin da ke sauya maka ki alhali hannunka na wuri ɗaya. Shi ne ya ɗaure samari da yawa a kan C, daga Gagarawa har Sule Tankarkar.

Jaz yana yawan bin hanyar da ake kira 2-5-1. A kin C, kod uku ne: Dm7, G7, Cmaj7. Sabon shiga yakan danne sauti huɗu, ya ɗauke hannu ɗungurungum ya dira a wani gefen, kamar mai zirga-zirga tsakanin Gumel da Maigatari ranar Alhamis. Adana kuɗin motarka, ɗan'uwa.

Ga yadda za ka yi. Hannun hagu ya riƙe gindi: D, sai G, sai C. Hannun dama yatsa biyu kawai, babban yatsa a kan F, ƙarami a kan C ta sama. Idan hagu ya koma G, sauke C zuwa B, F ta zauna daram. Idan ya koma C, sauke F zuwa E, B ta huta. Shi ke nan! Yatsa ɗaya ke matsawa zuwa maɓallin da ke maƙale da shi. Sautuka biyun nan, na uku da na bakwai daga gindi, su ke faɗa wa kunne ko wane irin kod ne, sauran duk 'yan rakiya ne.

In wannan ya zauna, gwada salon Bill Evans, wanda ya kaɗa wa Miles Davis fiyano a faifan Kind of Blue a 1959. Shi yakan bar wa mai bes gindin, hannun hagunsa ya ɗauki F-A-C-E, sai F-A-B-E, sai E-G-B-D. Ka nemi mai bes kafin ka gwada a tsakar gida, in ba haka ba Inna za ta leƙo ta tambaya ko fiyanon ya lalace.

Ni dai McCoy Tyner, abokin kiɗan John Coltrane, ya fi kwanta mini. Yana jera sauti da tazarar huɗu-huɗu, D-G-C, kuma hakan na zama lafiya lau a ƙarƙashin karin waƙoƙinmu, da yawancinsu a kan sauti biyar suke yawo.

Ki goma sha biyu ne, kuma duk sai ka bi su, har da masu baƙaƙen maɓallan da kake gaisarwa daga nesa. Ɗauki ki ɗaya a mako, a hankali. Sanya abin ji a kunne, ka kuma tsaya in an kira salla, don liman ya riga Coltrane zuwa unguwar. Fara da F da C ɗin nan yau da yamma, kafin a ɗauke wuta.