Ango Mai Ƙaho

Auren ƙanwata ya matso, sai Baffa ya ce tunda ni ne ɗan kwamfutar gidan, in haɗa katin gayyata a intanet. Sharaɗinsa kada a bar komai: asalin ango, kwatancen gida, abin da za a ci, har kakanmu da ya yi fataucin goro zuwa Gwanja. Inna kuwa ta ce in ya wuce layi biyar ba mai karantawa a waya.

Dabarar da za ta raba wannan gardama ta girme ni. Tun 1967 wani Ba'amurke mai suna Ted Nelson ya kawo tunanin rubutu mai miƙewa: jimla gajera, in ka nemi ƙari, bayani ya ɓullo nan tsakiyar layin, ba a kai ka wani shafi ba. Mai sauri ya karanta layi biyar ɗin Inna, mai lokaci ya yi ta tono har ya iske Gwanja.

Na fara da alamar details ta HTML, wadda ke buɗewa ta rufe da kanta ba sai da JavaScript ba. Ashe ba ta zaman haya a cikin jimla. Da burauza ta ci karo da ita a sakin layi sai ta datse sakin layin nan take, ta ba ta layinta daban, har da 'yar kibiya a gefe. Gayyata ta kakkarye, "iyalan" a sama, "marigayi" a ƙasa.

Sai na koma JavaScript. Na ɓoye bayanan a gindin shafi, kowanne da lambar shaidarsa, in an taɓa kalma a ɗauko nata a liƙa mata a gaba. Baffa ya gwada, ya taɓa kalmar ƙarshe, shafi ya yi tsalle ya koma sama, saboda mahaɗin da aka bar wa alamar # kawai can yake nufa in ba a hana shi ba. Ya ce, "Kai, abin naka ba ladabi. Ina masa magana yana juya mini ƙeya." Na hana shi tsalle. Aka tura wa dangi a WhatsApp, har da dangin ango.

To, ƙa'ida ce lambar shaida ba ta maimaituwa a shafi guda. In ta maimaitu, burauza ba ta tsayawa tambaya, wanda ta fara samu shi take miƙowa. Bayanin ragon walima na fara rubutawa, daga shi na kwafo layin ango, lamba kuwa ta biyo shi yadda take.

Bayan sallar isha'i Goggo ta kira, ko sallama babu.

"Kai ɗan nan, wa ya ce maka a kasuwar Wudil muka samo shi?"

"Wa, Goggo?"

"Angon mana! Ga shi nan na taɓa. Wai ƙosasshe ne, ƙahonsa ya murɗe, an sha ciniki kafin a sallama, kuma za a yanka shi ranar Asabar bayan azahar!"

Gyaran harafi ɗaya ne. Amma wayoyi suna adana tsohon kwafin shafi, ga shi kuma an riga an ɗauki hotonsa an yaɗa, shi kuwa hoto ba ya jin gyara. Uwar ango ta aiko a tambayi Baffa ko akwai abin da suka yi mana. Abokan ango kuwa kakarsu ta yanke saƙa, duk inda ya gifta sai an tambaye shi ko ya ci dusa.

Ranar ɗaurin aure na laɓe a sahun baya. Ana shafa fatiha ango ya ratso jama'a da babbar rigarsa, ya kama hannuna, ya sunkuyo.

"Yaya, maganar yankan nan, tana nan bayan azahar ɗin, ko an ɗaga?"