Jirgin Hitila da Ya Ƙi Nutsewa a Gumel

Duk abin da ya same ni, wani yaro ɗan aji biyu ne ya jawo mini. Ina tsaka da koyar da tarihin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila, na iso kan jirgin ruwan yaƙin Jamus mai suna Bismarck, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, shi wannan jirgin ya kai tirelar shanun Maigatari girma?" Aji ya yi tsit, kowa amsar yake jira. Ban ga laifinsa ba. Mu nan Gumel ba mu da kogi. Ruwa mafi girma da yaron ya taɓa gani shi ne kududdufin bayan gari, shi ma kafin bazara ya koma wurin buga bulo.

Na ce masa tsawon jirgin mita 251 ne, kusan filin ƙwallo biyu da rabi. In an cika shi da kaya nauyinsa ya haura tan 50,000, wato sai an jera tirela sama da 1,600, kowace da buhun siminti 600, kafin a kamo shi. Yaron ya yi mini irin kallon da muke yi wa kakana in ya fara labarin jirgin da ya kwashe su daga Ikko zuwa Indiya a 1943, kan hanyarsu ta yaƙin Bama: kallon nan na "babba dai ba a ce masa ya yi ƙarya." Nan zuciya ta ɗebe ni. Na bugi ƙirji gaban yara arba'in da bakwai, na ce ranar baje kolin makaranta zan kawo musu jirgin su gani da idonsu, kwance a ƙarƙashin teku kamar yadda yake a yau.

Turawa masu irin wannan sha'awa suna sayen jirgin ne na roba, gunduwa-gunduwa a kwali, su harhaɗa, su sa a akwatin gilashi, su kwarara masa wani ruwa mai daskarewa ya zama garau kamar teku. Na duba kuɗin kayan a waya, na juya shi zuwa naira, na ajiye wayar a hankali. Sai na tuna ai ni ma na yi tashe a unguwarmu da ƙera motar kara. Wanda ya ƙera roka da totuwa, me zai hana shi ƙera jirgi?

Na ɗauki wani ma'auni da Turawan ke amfani da shi, ɗaya bisa 350. Jirgin ya faɗo santimita 72, kamu ɗaya da rabi ke nan, sojan ruwa kuwa bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Lissafi ya yi daɗi har na zo kan ruwa. Robert Ballard, Ba'amurken da ya gano Titanic a 1985, shi ne ya gano gawar Bismarck a watan Yuni na 1989, a zurfin kusan mita 4,800. Da na raba, sai ga shi ina bukatar ruwa mai zurfin kusan mita 14, rijiya gaba bakwai da ɗoriya. Uwargida tana tankaɗe tana jina, ta ce, "To Malam, in ka gama ka jefa shi rijiyar unguwa mana. Ka huta, mu huta."

Kara na fara nema. Na hau babur zuwa Gagarawa wurin surukina, wanda ya tara karan dawa masu kauri kamar rake. Ya tambaye ni ko danga zan yi. Na ce a'a, jirgin ruwa. Ya ce, "Na ina?" Na ce na Jamus. Ya yi shiru, ya ɗaura mini dami biyu, sannan ya tambayi lafiyar 'yarsa sau uku kafin na tayar da babur.

Ranar Alhamis na nufi kasuwar Maigatari. Na ratsa kara, na wuce raƙuma da shanun da aka koro daga Nijar, na wuce buhunan riɗi da zoɓo, mutane suna cinikin miliyoyi, ni kuwa na sayi ƙaro rabin kwano, bula ƙulli goma, biro takwas, da tsohon akwatin gilashin wani mai balangu da ya daina sana'a. Birukan nan su ne manyan bindigogin jirgin, don Bismarck igwa takwas gare shi, kowace faɗin bakinta santimita 38. A hanyar dawowa masu kaki suka tare ni a shinge, ɗaya ya nuna jakata ya ce mene ne ciki. Bakina da ya saba da aji ya riga hankalina, na ce, "Igwa ce guda takwas, ranka ya daɗe." Ban taɓa sanin mutum mai tumbi yana iya tsalle da baya haka ba. Sai da na zazzage jakar a ƙasa, na yi darasin minti ashirin kan tekun Atilantika a tsakiyar rana, sannan aka sallame ni. Biro ɗaya dai bai dawo ba, wai za a rubuta rahoto da shi.

Wata guda na yi ina feƙe kara, ina tsaga ɓawo, ina liƙawa da ƙaro. Jirgi ya fito tsaf, har maƙwabta na leƙowa suna sa albarka. Nan ne asalin wahalar ta fara, domin ba sabon jirgi na yi alkawari ba, matacce na ce. Ranar 27 ga Mayu 1941 jiragen Ingila sun yi masa ruwan harsashi sama da 2,800. Da ya kife, gidajen igwarsa huɗu, waɗanda Jamusawa suka raɗa wa Anton, Bruno, Caesar da Dora, suka zube, don nauyinsu kaɗai ke riƙe da su. Gindinsa ma ya gutsure. Saboda haka na ciccire gidajen igwar, na karya gindin, na gasa ƙusa a murhu na bi jikinsa ina hudawa.

Inna ta tsaya a kaina da carbi a hannu. Ta ce, "Kai yanzu wata guda kana gina abu don ka rushe shi? Ko gwamnati sai ta bari an yi bikin buɗewa." Washegari na tashi na tarar duk hujin an toshe shi da totuwa, an mayar da igwa wurinta, an ɗaure gindin da zaren buhu. Ɗana na fari yana gefe yana washe baki: "Baba, wani ya ɓata maka, na gyara." Sau uku ina ɓatawa ana gyarawa. A gidan Bahaushe abu ba ya lalacewa a zuba masa ido. Ƙarshe sai da na riƙa kwana da jirgin a ɗaki kamar mai jinya.

Ranar nutsarwa na cika akwati da ruwa jarka biyu, na kaɗa bula, na yi bisimilla na saka jirgi. Ya hau kan ruwa ya zauna daram kamar agwagwa. Na danna, ya taso. Na cusa masa ƙusoshi, ya karkata ya ci gaba da yawo. Na ƙara tsofaffin batura huɗu, ya nutsar da hanci ya ɗaga gindi sama, yara suka sa ihu suna tafi. Sojan ruwan Ingila ba su cika awa biyu ba a safiyar ƙarshe suka ga bayan na gaskiyar. Ni tun hantsi nake fama da karan dawa har aka kira la'asar. Da na samu ya kwanta da taimakon dutsen guga, na koma gefe ina haki, sai na ga wani abu ya taso. Bene ne. Sai ga bututun hayaƙi, sai ga Bruno. Abin da kowane almajiri ya sani ni malamin tarihi na manta: ƙaro da ruwa ake jiƙa shi a haɗa tawada. Kafin magariba jirgina ya koma abin da yake tun asali, karan surukina, yana yawo a kan shuɗin ruwa. Hannuwana kuwa har gwiwa sun rine. Ranar Juma'a a masallaci wani dattijo ya tambaye ni ko na koma marinar Ƙofar Mata ne.

Jirgi na biyu da gam ɗin kafinta na haɗa shi. Na ce tunda ruwan Turawa daskarewa yake yi, ai mu ma muna da mai daskarewa. Na dama sitacin rogo tukunya guda, na zuba bula, na kwarara. Ya daskare kuwa, sai dai ko da tocila ba ka ganin abin da ke ciki. Uwargida ta leƙa ta ce, "Wannan kam ya yi kama da teku, tunda ba wanda ya san abin da ke ƙasa." A kwana na uku, da zafin Gumel ya ratsa shi, tekun ta yi tsami. Ƙudajen unguwa gaba ɗaya suka zo ta'aziyya.

A na uku na saduda: babu ruwa, babu kunu. Na manna shuɗiyar leda a jikin gilashi, na ce ido ya ƙarasa sauran. Na je wani ƙauye a ƙasar Sule Tankarkar na ɗebo rairayi mai laushi. Saura abu ɗaya. Bismarck ba a fili yake kwance ba. A gangaren wani dutse mai aman wuta ne da ya daɗe da mutuwa a ƙarƙashin teku, kuma a zaune yake kan cikinsa kamar mai shirin tafiya. Ina cikin tunanin inda zan samo dutse a ƙasar da ko tsakuwa sai an sayo, sai ga shuri a bakin wata gona, ja, mai ƙwanƙwasai, kamar an yi shi domina. Na ƙwanƙwasa, na kasa kunne, shiru. Na sa gatari na ɓantaro babban ɓangare na ɗora a babur.

Inna na ganinsa ta ja da baya tana salati. "Shuri ka kawo mini gida? Ba ka san gidan mutanen ɓoye ba ne?" Na ce, "Inna, wannan mataccen shuri ne, ba kowa ciki." Ta ce, "Su suka gaya maka sun tashi?" Kafin dare labari ya zaga unguwa: Malam da shuɗin hannu, ya kawo shuri, yana huda abu da jar ƙusa. Wata maƙwabciya ta hana 'ya'yanta wucewa ta ƙofarmu. Wani kuma ya same ni a ɓoye yana tambaya ko ina yin na farin jini.

Na zaunar da jirgi a gangaren dutsena, na yayyafa ruwa kada ƙasar ta tsage, na rufe da tabarma a zaure, na shiga hidimar jarrabawa mako biyu ban ko leƙa ba.

Ranar baje koli aka ɗauko akwatin a baro. Na yaye tabarma gaban manyan baƙi, ni kaina sai da na ja numfashi. Jikin jirgin ya lulluɓe da wata jar ƙasa mai kama da tsatsar shekara tamanin. Bene ya lotsa, gefe ya zaizaye, ga ƙananan huji ɗaruruwa da ƙusata ba ta isa ta yi ba. Sak hotunan Ballard. Babban baƙo ya gyara tabarau ya ce, "Malam, wace dabara ce wannan?" Na yi gyaran murya na ce, "Haƙuri ne kawai, ranka ya daɗe."

Na shiga bayani. Na faɗi yadda Bismarck ya nutsar da Hood, alfaharin Ingila, ranar 24 ga Mayu, mutum uku kacal suka tsira cikin 1,418. Na faɗi yadda bayan kwana biyu wani ɗan tsohon jirgin sama mai jikin yadi, Swordfish, ya sakar masa bam ta ruwa ya maƙale masa abin juya akala, ƙaton ya kasa miƙe hanya. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa. Na ce cikin mutum sama da 2,200 da ke jirgin, 114 ne suka rayu. Wuri ya yi shiru, har da masu girgiza kai.

Sai yaron nan, shi dai, ya manna hanci a gilashi ya ɗaga hannu. "Malam, ai ba su mutu ba. Ga su nan suna yawo."

Na sunkuya. Ga su kuwa, farare, a jere, suna fita ta gidan Anton suna shiga ta Dora, kowanne daidai ƙwayar shinkafa. Ko a ma'auni ba su kuskure ba. Babban baƙo ya ƙwanƙwasa gilashi da zobensa don ya gani da kyau, jirgin ya yi wata 'yar girgiza ya rufta cikin kansa, ƙura ta tashi. Abin da ya rage a tsaye biro bakwai ne da dutse. Dutsen Ballard ya mutu, nawa da ransa.

An ba ni na ɗaya duk da haka, wai ba a taɓa ganin darasin da ya nuna nutsewar jirgi ana kallo ba. Takardar yabon tana rataye a ɗaki, na sa ta a leda, don na san masu ita na iya zuwa karɓar abinsu. Sun riga sun fara da azarar zaure, kuma kuɗin da kafinta ya yanka mini ya fi na jirgin roban da na gudu. Inna ba ta ce komai ba, illa duk wanda ya shigo sai ta nuna masa rufin da carbi.

Yaron ya ce yanzu ya yarda jirgin ya fi tirela. Ya kuma tambaya ko zangon gaba zan kawo musu Titanic. Na ce ya buɗe shafi na gaba. Kai kuma mai karatu, in sha'awar irin wannan aiki ta kama ka, ga abin da na saya da tsada na ba ka kyauta: kara ba ya nutsewa, ƙaro ba ya shiri da ruwa, kuma in tsohuwa ta ce da mutane a cikin shuri, to akwai su.