Ranar da James Bond ya tuɓe a gaban surukina

Aikin da edita ya ba ni ba wani mai wahala ba ne: in sake kallon Casino Royale na 2006, in cika shafi ɗaya kan yadda Daniel Craig ya gaji James Bond, tunda yanzu ma magaji ake nema bayan ya ajiye a No Time to Die na 2021. Jiya Asabar uwargida ta kwashi yara sun tafi biki. Na jona kwamfuta da talabijin ɗin falo, na ƙure sauti, na bar ƙofa a buɗe saboda zafi, na ɗauki biro.

Har fim ya yi nisa ina ta jin kaina. Na rubuta yadda jaridun Ingila suka yi wa mutumin nan ca a 2005, ranar da aka gabatar da shi a Landan. Sojojin ruwa ne suka kawo shi a jirgi mai gudu ta kogin Thames, sanye da rigar hana nutsewa, aka ce yau ga Bond mai tsoron ruwa. Aka ce gajere ne, aka ce gashinsa ruwan zuma, alhali wanda Ian Fleming ya rubuta a 1953 baƙin gashi gare shi. Na rubuta cewa darakta Martin Campbell ya ba su amsa tun a tseren Madagaska, inda wanda ake kora ya sulale ta wata 'yar kafa a saman bango, shi kuwa Craig ya ratsa bangon da ƙirjinsa. Har na ja layi ƙarƙashin wata jimla da na ga ta yi: wannan Bond ɗin nama da jini ne, in aka doke shi yana jin zafi.

Wanda ya san fim ɗin ya san inda aka dosa. Bond ya cinye cacar karta a Montenegro. Le Chiffre, ma'ajin 'yan ta'adda mai hawayen jini, wanda Mads Mikkelsen ya fito a matsayinsa, ya ɓarar da kuɗin mutane sama da dala miliyan 100, masu kuɗin kuma ba kotu suke zuwa ba. Sai ya sace Vesper, abokiyar aikin Bond, shi kuma ya bi su, motarsa ta wuntsula sau bakwai, aka ja shi cikin wani tsohon jirgin ruwa. Aka tuɓe shi zigidir. Aka yanke mazaunin kujerar kaba, aka ɗaure shi a kai, Le Chiffre ya ɗauko igiya mai ƙulli a baki.

"Salamu alaikum."

Alhaji ne, mahaifin matata, tsohon hedimasta, tare da ƙanensa Baffa. Ta'aziyya suka zo unguwarmu, suka ce bari su leƙa jikoki.

Na danna kwamfuta, ta ƙi. Na rufe murfinta, fim bai fasa ba, don ni da hannuna na saita ta haka. Na danna rimot, batir ya mutu. Makunnin bango kuwa yana bayan doguwar kujera, kuma a kanta Alhaji ya riga ya zauna ya gyara babbar riga. Wutar unguwarmu, wadda ba ta iya raka mutum daga azahar zuwa la'asar, jiya ta tsaya daram ko ƙiftawa babu.

Ba a barin suruki zaune a tafi kokawa da na'ura. Na durƙusa, na sunkuyar da kai.

"Barka da zuwa, Baba. Ya hanya?"

Tim! Ihu ya cika falo.

"Lafiya lau. Ya iyalin?"

"Lafiya ƙalau, Baba. Ya ƙarin haƙuri?"

Tim! Wannan karon har labule ya motsa.

"Haƙuri sai ma'abocinsa," in ji Alhaji, idonsa a kan carbi.

Sai jiya na san tsawon gaisuwar Bahaushe. Ya aiki, ya zafi, ya mutanen gida, ya jikin Hajiya. Babu gaɓar da za ka tsallake, kuma duk tambayar da aka yi mini sai Daniel Craig ya riga ni amsawa. Ina durƙushe tsakanin mutum biyu, ɗaya ya ba ni 'yarsa, ɗaya ko ɗan kamfai babu a jikinsa, kuma girman talabijin ɗin da na yi ta cika baki da shi ranar da na sayo bai bar wani abu a duhu ba.

A nan Baffa ya karɓi ragama, Allah ya saka masa.

"Ciro batirin ka cije shi, yaro. Da turmin haƙori." Na ciro, na cije. "A'a, ba nan ba, tsakiya." Na cije tsakiya. "To goga shi a cinya ya yi zafi." Ga ni gaban surukina ina goga batir a cinya, a bayana wani yana kururuwa. Da bai yi ba ya ce a shanya shi a rana zuwa gobe. Sai ya ce a rufe talabijin ɗin da sallaya, nan take kuma ya yi istigfari ya janye. Ya yaye leshin da ke kan teburi ya lulluɓa da kansa. Leshi ne, duk huda. Bond ya koma kamar amarya a bayan mayafi, ana ganin komai, sai dai da ado.

Da Baffa ya gaji da ni, sai ya juya kan mai shan dukan.

"Me suke nema a wurinsa?"

"Lambar sirrin asusun kuɗin, Baffa."

"Kuɗinsa ne?"

"Na caca ne. Gwamnati ce ta zuba masa jari."

"Na gwamnati!" Ya ɗaga gefen leshin ya leƙa. "Kai bawan Allah, faɗa musu mana! A kan kuɗin gwamnati za ka kashe gidanka? Wa zai gode maka?"

Daidai nan fim ya kai wurin da ya sa Craig ya zama Bond, wurin da tun safe na ƙudura zan yaba. Yana kuka, sai kukan ya rikiɗe dariya. Ya ce wa Le Chiffre ƙaiƙayi yake ji a ƙasa, ko zai taimaka. Aka zabga masa, ya ce a'a, a ɗan matsa dama. Babu Bond ɗin da aka taɓa ƙasƙantawa haka, kuma babu wanda ya fi shi taurin kai a ƙasƙancin. Ba mamaki da hukumar kyautar fina-finai ta BAFTA ta sa shi cikin 'yan takarar gwarzon jarumi, abin da wani bai taɓa samu ba kafinsa a matsayin Bond. Duk wannan na sani, ina durƙushe da batir a baki.

"Dariyar me yake? Me ya ce?" in ji Baffa.

Na haɗiye yawu mai ɗanɗanon ƙarfe. "Cewa ya yi a yi haƙuri, a duba girman Allah."

Carbin Alhaji ya tsaya.

"Ba haka ya ce ba."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai gyara ba, bai kalle ni ba. Tun daren jiya nake sake jin kalmomin nan, har a cikin sallar asuba. Ashe kowace kalma ta shiga kunnensa. Ashe ya ji ƙaiƙayin, ya ji dama, ya kuma ji mijin 'yarsa ya sharara ƙarya a gabansa.

Sai ya miƙa sandarsa mai lanƙwasa, ba tare da ya tashi ba, ya maƙalo wayar da ta haɗa kwamfuta da talabijin, ya fizge. Shiru. Wayar da tun shigowarsu take kwance kusa da gwiwata.

"Mu da muka kalli Roger Moore a silimar Plaza," ya ce yana miƙewa, "har a tashi fim ko kwat ɗinsa ba ta yamutsewa. Ka gaida mutanen gidan."

Yau da sassafe wayata ta yi ƙara. Baffa ne. Ya ce ya kwana yana tunani, in zan rubuta a jarida in sa cewa yaron nan ya faɗa musu lambar.