Mutum Biyar Gaban Kwamfuta Mai Nauyin Tashi

Ana kunna kwamfuta, akwai manhajojin da ke tashi tare da ita ba a kira su ba, kowace ta kama rabonta na ƙwaƙwalwar na'ura. A zaman jiran nan ake gane halin mutum.

Na farko Alhaji Bismillah. Ba ya korar baƙo. Duk manhajar da zai saka, Next kawai yake dannawa, bai karanta ko layi ɗaya ba. Yana kunnawa sai Teams, Spotify, Zoom da OneDrive su jeru gaisuwa kamar ranar suna. Har Skype da Microsoft ya rufe a Mayun 2025, Alhaji bai sallame ta ba, wai ai an saba.

Na biyu Malam Haƙuri. Ya danna maɓalli ya tafi ya haɗa shayi, ya gaisa da maƙwabta, ya dawo ya tarar tana juyi. Ka ce akwai gyara, ya ce, "Ƙyale ta, tsufa ne."

Na uku Sarkin Fawa. Tsautsayi ya sa aka nuna masa cewa in ya haɗa Ctrl, Shift da Esc, Task Manager zai buɗe, inda tun Windows 8 ta 2012 aka jera masu tashin, kowace da nauyinta, babba, matsakaici ko ƙarami. Bai duba nauyi ba, bai tambayi suna ba, ya bi su da wuƙa. Gobe yana neman inda saitin sauti ya shige, fayilolinsa kuma sun daina hawa intanet.

Na huɗu Mai Zargi. Komai a wurinsa bairos ne. A goge komai a sake zubawa! Hotunan biki sun tafi, bayan sati biyu ya mayar da manhajojin da suka jawo nauyin.

Na biyar Ba-a-Kashewa. Murfi kawai yake rufewa. Ran da sabuntawar Windows ta tilasta mata sake tashi, ranar ce yake da taron gaggawa.

Maganin kuwa minti biyu ne: a Task Manager, ka bar manhajojin tsaro da abin da ba ka gane ba, ka dakatar da masu nauyin da ba ka buƙata da safe. Dakatarwa ba gogewa ba ce, in ka neme su suna nan. Sai dai kada ka faɗi wannan a shagon mai gyara. Mutum biyar ɗin nan ne ke biya masa kuɗin haya.