Gwanayen Iyo Na Kan Tudu

Da zarar hunturu ya naɗe tabarmarsa, bazara ta shimfiɗa tata, sai Bahaushe ya tuna cewa ruwa yana da wani amfani bayan sha da alwala. Mutumin da wata biyu baya sai an haɗa shi da Allah kafin ya yi wankan Juma'a, yau shi ne mai shiga bayi da bokiti sau huɗu kafin la'asar. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40 a Kano da Katsina da Damagaram, a Sakkwato da Maiduguri kuwa abin ya fi haka, hira ɗaya ce a kowace majalisa: ina za a je a sha iska? Wutar lantarki ma ta san lokacin sarai, shi ya sa take zaɓarsa ta tafi ganin gida.

Kafin mu isa bakin ruwa, bari mu gaida waɗanda suka gano hanyar shan sanyi ba tare da sun jiƙa ko ɗan yatsa ba. Akwai dattijon da ke shiga banki da tsakar rana, ya nemi kujerar da ke saitin na'urar sanyaya ɗaki, ya zauna da wata tsohuwar takarda a hannu. In ma'aikaci ya ce, "Baba, me za a yi maka?" sai ya ce, "Sallami na bayana, ɗana, ni ba sauri nake ba." Asusu kuwa bai taɓa buɗewa ba. Akwai mai tura kwando a babban kanti, ya daɗe a gaban firjin kifi yana nazarin farashi, daga ƙarshe ya fita da kwalin ashana. Akwai kuma wanda tun ranar da aka sa wa masallacin unguwa sola da fanka ya zama ɗan sahun farko, azahar ta same shi a ciki, la'asar ta tarar da shi yana minshari. Allah Ya karɓa. Mai sayar da ƙanƙara kuwa, wanda a Janairu ba mai amsa sallamarsa, a Afrilu sai an haɗa masa da "ranka ya daɗe" kafin ya ɗago kai.

Waɗannan duk masu gaskiya ne, ba su ce sun iya komai ba. Rigimarmu da masu zuwa bakin ruwa ce.

Allah Ya hore mana wuraren zuwa. A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka gina madatsar Bagauda, aka kuma kammala ta Tiga a 1974. Ga ta Challawa a Ƙaraye, ga Zoɓe a Dutsin-ma, ga Goronyo a Sakkwato, ga Bakolori kusa da Talatar Mafara. An yi su ne don noman rani da ruwan sha, mu kuma mun ƙara musu aiki na uku, wato zama a bayanmu idan za mu ɗauki hoto.

Shirin zuwa Tiga yakan fara tun ana saura kwana uku. A soya kaji, a yi dambun nama, a dama fura, a cika kula da zoɓo da kunun aya, a ɗauko darduma da lasifika. Abu ɗaya ne ba wanda ya tuna da shi: kayan shiga ruwa. Maigida ya fito cikin shadda mai sitaci da hula zanna-bukar da takalmi sau-ciki, turare na tashi. Tun daga Na'ibawa zai fara ba yara tarihi.

"Mu da muka tashi a bakin kogi! Da ina kamarku, sai in yi nutso a wannan gaɓa, ba a ƙara ganina sai a waccan. Har masunta suna tambaya ɗan wane ne."

Ana isowa ya ga ruwa ya miƙe iya ganin ido, sai murya ta yi ƙasa.

"Baba, shiga mana mu gani."

"Ruwan yau bai kwanta mini ba. Kuma ma likita ya hana ni."

"Alhaji, wane likitan?" in ji uwargida. "Ni dai ban san ka je asibiti ba."

"Ke dai zubo mana zoɓon nan."

Shi ke nan, an rufe babin iyo sai baɗi. A gefensa za ka ga mai naɗe wando zuwa gwiwa, ya tsoma ƙafa iya idon sawu, ya tsaya yana kallon nesa, gobe kuma a ofis ya ce sun sha wanka a dam. Ga ɗan hoto, wanda ya juya wa ruwan baya tun isowarsa, yana ta gyara tabarau, ya watsa a Facebook cewa ana shan ni'ima, alhali gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ga saurayin da ya zo da wadda yake nema da ƙannenta biyu. Shi dole ya nuna bajinta. Ya tuɓe riga, ya shiga har ƙugu yana kaɗa hannu, ciyawa ta shafi ƙaurinsa, ya fito a guje yana salati, yana rantsuwa wani abu ya riƙe shi.

To, a nan ne ake shigo da aljanu. A wurinmu babu ruwan da ya wuce tsawon mutum da ba a ba shi aljana ba, kuma kowace an ce tana cin mutum ɗaya a shekara. Idan tsautsayi ya faru, ba mai cewa marigayin bai iya iyo ba. Ba mai cewa ƙasan dam ba shimfiɗe yake ba, taku ɗaya ne tsakanin ruwa iya ƙirji da ramin da ya shanye mutum, ko kuma laka ce ke riƙe ƙafa. Sai a ce 'yan ruwa ne suka ja shi. Abin mamaki, masuntan da ke wuni a cikin ruwan nan kullum ta Allah, aljanar ba ta ko kallonsu. Baƙi 'yan birni take so, musamman masu sabon ɗinki. In da aljanu na kai ƙara, da alƙalai ba su huta da shari'ar ƙazafi ba.

Wanda aljihunsa ya yi nauyi sai ya nufi wurin ninkaya na otal, inda aka tabbatar babu aljana saboda an yi wa ƙasan tayil. Ka biya kuɗin shiga, ka tarar da ƙarti talatin sun cunkushe a ɓangaren da ruwa ke iya cibiya, kamar kaji a akurki, can ɓangaren mai zurfi kuwa fayau, ko ƙuda babu. Kowa ya riƙe bakin kwamin da hannu biyu yana wutsil-wutsil da ƙafa, wai yana motsa jini. Wani ya shiga da singileti da dogon wando don kunya. Wani ya taho da soso da sabulu, tunda dai ya biya, gara ya fanshe kuɗinsa. Akwai kuma malamin iyo na sa-kai, wanda ke tsaye a tudu da tawul a kafaɗa yana ba da umarni: "Saki jikinka! Buga ƙafa! Haka muke yi!" An shekara ana ganinsa a wurin, ba a taɓa ganin tawul ɗin ya jiƙe ba.

Mata fa? Su ne suka soya kajin, su ne suka dama furar, su ne kuma aka bar wa gadin wayoyi da takalma da makullin mota, suna zaune cikin hijabi suna fifita da marfin kula. Zafin bazara bai san namiji ko mace ba, amma wurin da aka keɓe wa mata rana guda su shiga ruwa cikin sutura da natsuwa, da mace mai koya musu, sai an tona. Idan an dawo gida maigida ya ce, "Kai, yau mun huta," uwargida takan dube shi kawai ta wuce wanke kuloli.

Masu dogon zango sukan nufi Yankari a Jihar Bauchi, gandun dajin da aka keɓe tun 1956, don su shiga ruwan Wikki. Ruwa ne mai ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa 31 a ma'auni, rani da damina, dare da rana. Wato mutum ya ƙona mai tun daga Kano yana gudun zafi, ya zo ya faɗa ruwan ɗumi, kuma ya fito yana sa albarka. A nan kam har Alhaji yakan shiga, domin ruwan garau yake, kana hango yashin ƙasa, aljana ba ta da wurin ɓuya. Sai dai yana cikin nuna wa yara yadda ake yi a inda ruwa bai kai masa hammata ba, gwaggon biri ya sauko ya yi gaba da ledar kaji. Birran Yankari sun daɗe da gane cewa baƙonsu ya fi ba abinci muhimmanci a kan wanka, don haka suke hukunta shi ta inda zai ji.

Magangarar ruwa ta Gurara kuma, a kan hanyar Suleja zuwa Minna, tana da fuska biyu. Da rani ruwan yakan ja baya ya bar wuraren da za a iya tsoma jiki, da damina kuwa yakan zubo da ƙarfin da ba a wasa da shi. Mutanenmu sun fi son na daminar, saboda ya fi kyau a hoto, har ka ga mutum ya hau dutse mai santsi da takalmin fata yana neman inda zai fi fitowa.

Duk wannan na masu mota ne. Ɗan talaka ba shi da Wikki, ba shi da otal, yana da kududdufi. Yawancin kududdufan birnin Kano ramuka ne da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, ruwa ya taru a ciki, daga baya shara da kwata suka bi sahu. Nan ce babbar makarantar iyo ta ƙasar Hausa. Malamin yaro ne da ya girmi ɗalibin da shekara biyu, darasin kuma ɗaya ne: a tura ka, ka san yadda ka yi. Da yamma a koma gida a fuskanci kotu. Inna ta dubi jajayen idanu, ta kama damtse ta karta da farce, farin layi ya fito.

"Ina ka je?"

"Makarantar allo, Inna."

"A cikin ruwa Malam yake ba ku karatun?"

Bulala ta biyo baya. Abin da yaron ya koya daga dukan nan shi ne, gobe ya tafi da man shafawa a aljihu, ya mulke jiki kafin ya shigo gida. Zuwa kududdufi kam bai fasa ba, kuma har yanzu ba wani babba da ya nuna masa yadda ake fita daga ruwa.

A nan raha takan ƙare. Ruwan da ke kwance shi ne gidan dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya, kuma a wasu wurare har yau idan yaro ya fara fitsarin jini sai a ce girma ne ya zo, alhali cuta ce mai magani a asibiti. Ma'aikatan kashe gobara na Jihar Kano kuwa, waɗanda aka ɗauka don wuta, sau da yawa sanarwarsu ta ciro yaro ce daga kududdufi ko rijiya. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Maganin da muka samo wa matsalar shi ne a cike kududdufin da shara, a yanka filoti, a gina shaguna. Damina na zuwa ruwa ya rasa masauki, ya shigo falo, kowa ya samu wurin ninkaya kyauta a gidansa.

Ba kuma ilimin ne babu ba. Duk wanda ya taɓa ganin bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, ya san abin da Kabawa ke yi a kogin Matan Fada da gora da homa, da gasar nutso da kamun agwagwa. Waɗannan ma Hausa suke ji. Bambancin kawai, su iyayensu suna shiga ruwa da su tun suna ƙanana, mu kuma namu suna ba mu labari a mota. Malamai sukan ambaci maganar da ake dangantawa ga Sayyidina Umar kan koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Mun riƙe dokin da kyau, domin ana hawansa da rawani jama'a na kallo. Iyon da sai an tuɓe babbar riga, tumbi ya bayyana, shi muka bar wa masunta.

Don haka ga roƙo. Masu hali da ke gasar gina gidajen biki a kowace unguwa, a samu mutum ɗaya ya gina wurin ninkaya mai tsabta da sauƙin kuɗi, da ranar maza da ranar mata, da mai ceto wanda aka ga iyonsa da ido. Ƙananan hukumomi su kafa alamar zurfi a bakin madatsu, su katange ramukan da yara ke faɗawa. Makarantun da ke kusa da ruwa su nemi Sarkin Ruwan yankinsu ya ba su masu koyarwa. Kai kuma maigida, iya ruwa fidda kai, ba dogon labari ba. In ka iya, koya wa 'ya'yanka. In ba ka iya ba, faɗi gaskiya, ka tsaya inda ruwa bai wuce gwiwa ba, ka riƙe hannun yaronka da kyau, ka bar aljanu su huta.